Ciwon Kwamfutar Nafeesa

Allon kwamfutar ya yi baƙi ƙirin a karo na uku tun safe, Nafeesa ta hango fuskarta a ciki, baki buɗe. Ƙarfe biyu ta gota. Da ƙarfe huɗu malaman wata jami'a ta ƙasar waje za su gana da ita ta bidiyo, kuma a nan za a yanke ko za ta samu gurbin karatun da ta shekara uku tana bi. A ofis ba dama, don ogan nata bai ma san ta nema ba.

Sati biyu ke nan kwamfutar tana wannan tsiya. Wata rana ta yini lafiya, wata rana ko minti goma ba a yi ba sai ɗif. Thaddeus, mai gyara a kasuwar Wuse, ya canja wayar wuta, ya sake ɗora mata komai, ya riƙe ta kwana biyu a shagonsa mai sanyi, ko tari ba ta yi ba. Yau dai Nafeesa ta ɗauko shi da kansa a tasi.

"Madam, wannan kwamfuta yana da wayo," in ji shi daga ƙarƙashin tebur. "A shago lafiya lau, sai a gida naki yana mutuwa."

"Ba hira na kira ka ba, Thaddeus. Dubi agogo."

Ya gwada soket, wuta daidai take. Ya dafa bayan akwatin kwamfutar, ya janye hannu da sauri saboda zafi. Da ya kwance murfin, wani ƙamshi ya taso kamar an buɗe adakar amarya. Fankar ciki ta daskare da wani abu ja mai danƙo, da ƙyar take juyawa.

"Madam, wa yana dafa abinci a ciki nan?"

"Turare ne."

Inna ce a bakin ƙofa, mahaifiyar Nafeesa, wadda ta zo daga Kano ganin likitan ido wata guda da ya wuce.

"Dama ina turara ɗakin in kin fita aiki," ta ce. "Da na ji kina kukan abar nan tana mutuwa, na san baki ne, 'yan ofis ɗinku ba sa so ki wuce su. Sai na koma ajiye kaskon a gindinta, safe da rana. Har zane nake lulluɓa mata don hayaƙin ya ratsa ta sosai."

Maganar da ta taso wa Nafeesa ba ta faɗa wa uwa ba ce, sai ta haɗiye ta da zafinta. Amma Inna ta karanta a fuska. Ta juya sumui-sumui ta fita, kuma wannan fitar ta fi mutuwar kwamfutar yi wa Nafeesa ciwo.

Thaddeus ya duƙufa da buroshi da auduga, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Huɗu saura kwata fankar ta ɗauka. Ya bar akwatin a buɗe, ya jawo fankar ɗaki ya saita masa.

"Ban yi alkawari ba fa, Madam. Amma kar hayaƙi ya zo kusa."

Saura minti biyar, Nafeesa na gyara mayafi, sai ta ji ƙamshi. Inna na tsaye a baranda da kasko a hannu, ta kasa shigowa, ta kasa komawa. Abin da take da shi ke nan na taimako, an kuma ce shi ne cutar.

Nafeesa ta fita ta jawo ƙofar ta rufe. Ta sunkuya, ta baza mayafinta a kan kaskon.

"Ni za su gani, Inna, ba ita ba. Ni za ki turara."

Inna ta fara addu'a a hankali, tana jero ta yadda ta saba, ba ta tsallake komai.

"Madam!" Thaddeus ya ƙwala daga ciki. "Suna kira!"

Nafeesa ta ji ƙarar kiran sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ba ta ɗaga ƙafa ba sai da aka shafa.