Akwatin da Barmo Ya Haɗa

Mato masassaƙi ya ƙone akwatin da ɗansa ya haɗa. Ranar Laraba ce da hantsi, kwana arba'in da biyu bayan an binne yaron.

Injin sassaƙarsa tsoho ne. Wani Bature ne ya bar shi a Damagaram da zai koma ƙasarsu, Mato ya ɗauko shi a bayan motar kaya har Tanut. Shekara biyu yana ajiye a rumfa, kaji suna kwana a kansa. Injin waya uku yake so. Kuran ɗin, wato wutar lantarkin da ake jawowa daga bariki, kuwa waya biyu ce. Mutanen kasuwa suka yi ta dariya. Sai Barmo, ɗan farin Mato, ya dawo daga koyon aikin lantarki. Ya haɗa akwatin katako, ya jera wasu gwangwanaye a ciki, ya sa jan maɓalli a gefe, ya kafa shi a bango. Ya danna. Injin ya yi gurnani, ya tashi.

Mato bai duba ba. Barmo ɗan fari ne. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Haka ubansa ya yi masa. Kowace safiya in yaron ya zo tada injin, Mato sai ya juya baya ya shiga wasa gizago. Sai ya ji ƙarar ta daidaita, yaron ya ja gefe, sannan ya juyo ya ɗora itace.

Sau ɗaya Barmo ya ce, "Baba, in nuna maka yadda ake tada shi?"

Mato ya ce, "Kai, wancan, je ka ɗebo ruwa."

Sanƙarau ya ɗauke shi a bazara, cikin kwana uku. Tun daga ranar babu wanda ya taɓa injin.

Ran Larabar nan Attahir ya sauka daga raƙumi a bakin rumfa. Makiyayi ne daga wajen Tenhya, tsohon mai ciniki da Mato. Ya yi ta'aziyya, ya zauna, sannan ya fito da guntaye biyu daga jakar fata. Tekarkart ce, zagayayyen itacen da igiyar guga ke bi a kansa a bakin rijiya. Ta tsage biyu.

"Rijiyarmu gaba arba'in ce, Mato. Da hannu muke ja tun shekaranjiya. Tafin 'ya'yana ya saɓule, raƙuma ba su ƙoshi ba."

"Da gizago kwana biyu ne."

"Da ƙarfen nan naka fa? Bara kafin in gama shayi kun miƙo mini."

Mato ya dubi bango. Ya san jan maɓallin, kowa ya san shi. Ya tashi, ya karkaɗe ƙura da hularsa, ya yi bismilla, ya danna.

Injin ya yi gurnani, ya tashi. Ƙarar nan ce da ya saba ji a bayansa. Ya ga in ya ɗage yatsa abin zai mutu, sai ya ƙara dannewa. Akwatin ya soma kuka kamar zuma. Bai saki ba. Sai wani abu ya fashe a ciki, hayaƙi ya fito, baƙin mai ya biyo bango. Injin ya yi ta lafawa har ya tsaya.

Audi, makaniken da ke kula da injin kuran na bariki, ya zo da gudu, don wuta ta ɗauke har ofishin kwamanda. Ya shaƙi warin, ya riƙe kai.

"Baba Mato, riƙewa ka yi?"

"Na riƙe."

"Ai ba a riƙewa. Gwangwanayen nan tura shi kawai suke yi ya tashi, kamar a tura mota. Da ya kama sai a saki."

Audi ya kwance murfin. Zai jingine shi ke nan sai ya tsaya.

"Akwai rubutu a nan. Irin na allo ne, ni kuwa boko na yi."

Mato ya yi allo shekara uku kafin a ba shi gizago. Ya karɓi murfin, ya fita da shi hasken rana, ya bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Manya aka yi su, yadda mai raunin ido zai gani.

*Baba. Danna. Ƙirga uku. Saki. Kada ka tura itace da ƙarfi, ƙarfin injin bai cika ba.*

A ƙasa an zana hannu a kan maɓalli, da sanduna uku, da hannun a ɗage. Tawadar ta daɗe da bushewa. Mato ya sake karantawa daga farko. A kalmar farkon ya fi daɗewa.

Attahir ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya dubi ƙasa.

Audi ya ce, "Gobe akwai mota zuwa Damagaram. In cire akwatin in kai. Su zubar da waɗannan, su haɗa maka sabo a akwatin ƙarfe. Sati ɗaya injinka ya tashi."

"Wannan fa?"

"Ya sha mai, gefe ya ƙone. Sai murhu." Ya ga fuskar tsohon, ya sassauta murya. "To, riƙe murfin. Ni in tafi da sauran."

Mato ya matsa ya leƙa cikin akwatin. Bai taɓa gani ba. Kowace waya an murɗe ta tsaf, an ɗaure da shuɗin zare. Ƙusoshin a jere suke, tazararsu ɗaya, kawunansu a nutse cikin katako. Haka shi ma yake buga ƙusa. Bai taɓa koya wa yaron ba. Ashe yana kallo.

Ya ɗauki gizagonsa. "Attahir, ka kwana biyu. Zan sassaƙa maka."

"Raƙuman fa, Mato?"

"Zan yi sauri."

Audi ya riga ya ɗora sukuddireba a kan ƙusar farko. "Baba, in ba a kai ba injin nan ya mutu ke nan. Kaji za su dawo."

"Barmo ne ya haɗa shi," in ji Mato.

Sunan ya fito masa da nauyi. Audi da Attahir suka dubi juna. Ba su taɓa jin sa a bakinsa ba.

"Sauke hannunka. Ko ƙusa ɗaya ba za ka cire ba."