Akushin Maidaji

Zulaiha ta buɗe injin ɗumama abinci, robar miyar kuka a hannunta, sai ta yi arba da shi. Yana zaune a tsakiyar farantin gilashin kamar gidan ubansa, ja-ja-ja da shi, yana fitar da wani tururi mai ƙamshin daji.

"Baba Maidaji," ta ce, ba tare da ta waiwayo ba. "Ashe ba mu gama wannan maganar ba?"

Tsohon yana kan kujerar roba a bakin kicin, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ɗin sun nutse a ciki. "Hiddo shi a hankali, ɗiyata. Kada ruwa ya taɓa shi."

"Miyar mutane zan ɗumama, magariba ta kusa. Jiya wani Alhaji ya ce tuwona yana warin shagon kafinta."

"Bai san ƙamshi ba. Madobiya ce."

Ta sa tsumma ta ɗauko akushin, ta dire masa a cinya da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Ya ɗaga shi kusa da kunne, ya ƙwanƙwasa da farce, ya saurara kamar likita. Sannan ya girgiza kai.

"Da saura."

Abin da take ji ke nan tun farkon azumi.

Zulaiha tana dafa wa 'yan kasuwa tuwo a ɗan gidansu na bene da ke unguwar Panyu, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mijinta Shehu kuma yana harkar loda kaya. Ƙofarsu tana kallon ta Maidaji, mutumin Maraɗi, wanda ya tsufa yana aika kwantenar kwanukan roba gida. Likita ya gaya masa zuciyarsa ta gaji, ya koma cikin iyalinsa tun jirgi yana yarda ya ɗauke shi. Shehu ya yanka masa tikiti, tsohon ya ɗaga tafiyar. Ya sake yanka, ya sake ɗagawa. Duk saboda akushi.

Dalilin kuwa, ita kanta Zulaiha da ta fara jin sa sai da idonta ya ciko, kafin abin ya fara cin ranta. Maidaji ɗan masassaƙa ne. Wata rana a waya matarsa Balki ta yi masa tsiya, ta ce ga ɗan masassaƙa ya cika Maraɗi da roba, amma ko akushi ɗaya babu a ɗakinta. Ita ta yi dariya ta manta. Shi bai manta ba. A ƙasan benen akwai wani tsohon Basine da kowa ke kira Lawban, yana da ɗan shago da injin da ke juya katako ana sassaƙa shi. A cikin guntayen da yake kwasowa daga masana'antar kujeru Maidaji ya shinshino madobiya.

"Daga wajenmu aka saro ta," in ji shi. "Ni zan maida ta gida. Tsarabar Sallar Balki ke nan."

Sassaƙar farko ba ta ɗauke shi lokaci ba. Bushewa ce ta zama aiki. Lokacin ne da iskar Guangzhou ke jiƙewa, bango yana gumi, madubi yana hawaye, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Maidaji ya ce akushin da ya sha wannan laimar, ranar da ya shaƙi zafin Maraɗi zai tsage gida biyu. Dole sai an fitar da ruwan cikinsa kaɗan-kaɗan, sannan a mayar da shi kan inji a yi masa sassaƙar ƙarshe. Injin Zulaiha kuwa shi ne ya zame masa ranar shanya.

"Baba, a kasuwar Liwan akwai kwanukan katako shago-shago," ta ce tana juya miya. "Gobe in sayo maka ɗaya, ka ce kai ka yi."

"Balki ce hwa. Kallo ɗaya za ta yi mishi."

"To akushi ma ai baƙi ne. Wannan ja ne kamar goro."

"Ke mutunniyar Kano, mi kika sani? A roba aka yaye ku."

"Robar wa? Ba taka ba?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta tsaya da ludayi a hannu tana jira ya lafa, haushi da tsoro suna kokawa a ƙirjinta. Ta rasa yadda mutum zai kalli ƙafafunsa haka, ya kuma zauna sauraron katako.

Da Shehu ya dawo ya tsaya a ƙofa bai ko cire takalmi ba. "Baba, na samu kujera ranar Alhamis. Ita ce ta ƙarshe kafin Sallah. Wallahi in ka ɗaga wannan, ba ni ba kai."

"Kada ka rantse, kana azumi."

"Na riga na rantse."

Maidaji ya shafa bakin akushin da babban yatsa. "To. Bar biyen yadda yake." Tikitin yake nufi.

Ana saura kwana biyu tafiya, Maidaji ya ƙwanƙwasa akushin, ya saurara. Ya sake ƙwanƙwasawa. Zulaiha da kanta ta ji sautin ya canja, ya zama siriri, mai tsabta. Kafin ta dauraye hannu har ya kama matakala.

Ta bi shi da niyyar faɗa, da maganinsa da ya manta a kan tebur. A shagon ta tarar Lawban ya ɗaura akushin a inji, yana tsaye a gefe da sigarin da bai kunna ba. Tsofaffin biyu ba su da yaren da suka haɗa, sai nuni da kai da ɗan gurnani. Injin ya tashi. Maidaji ya kafa ƙarfen sassaƙa, hannayen nan da ke rawa in ya ɗauki kofi suka tsaya cak. Sassaƙe ya riƙa fita dogo-dogo yana lanƙwashewa, yana sauka a kan hularsa da gemunsa. A jikin katakon zane ya bayyana, layi bayan layi, kamar ruwa ya bi ta kan yashi. Zulaiha ta manta da faɗan, sai da ya tsaya ya dafe ƙirji.

"Shi ke nan, ya isa," ta ce. "Ya yi kyau. Mu hau."

"Saura gindi."

A ƙasan akushin akwai wani ƙullutu inda injin ke kamawa. Sai an sare shi akushin zai zauna daidai.

"Lawban ya ƙarasa mana."

Lawban ya gane, ya miƙa hannu. Maidaji ya rungume akushin. "Meyo," ya ce masa da Sinancinsa na kasuwa, wato babu. Ya dubi Zulaiha. "In wani ya taɓa, me zan ce ma Balki? Gobe da sahe. Aikin kaɗan ne."

"Kullum gobe. Wallahi Baba ka fi ƙaramin yaro wahala."

Ta riƙe shi suka hau, suna tsayawa a kowane hawa. Har suka kai sama fushi take.

Washegari da hantsi tana tankaɗe aka buga ƙofa. Lawban ne, yana haki, ya hawo benen da bai taɓa hawowa ba. Ya dube ta. Sannan ya cire hularsa.

Ta sami Maidaji a kan bencin shagon, ya jingina da bango, akushin a cinyarsa, hannu ɗaya a ciki. Ba a ma kunna injin ba. Da alama zama ya yi don ya huta numfashi ya dawo, sai rai ya yi halinsa.

A Guangzhou aka binne shi, a maƙabartar Musulmi, ranar da jirginsa ya tashi. Mutanen Maraɗi da na Kano suka cika layin, wasu da kwalayen kayansu a hannu. Zulaiha ta dafa abincin sadaka tana kuka tana mita. Ta gaya wa tukunya abin da ba ta samu ta gaya masa ba: da ya tafi tun tikitin farko, da yanzu yana tsakar gidansa, da Balki ce a kansa.

Da yamma ta kira Balki, suka ga juna a waya. Bayan gaisuwa da addu'a ta ɗaga mata akushin, ta juya shi, ta nuna mata ƙullutun.

"Hajiya, maƙwabcinmu ya ce zai sare wannan, ya gyara shi tsaf."

Tsohuwar ta matso da fuskarta har ta cika wayar. Ta daɗe tana kallo.

"Bai ƙare ba ke nan," ta ce. Ta share ido da bakin mayafi, wata 'yar dariya ta kuɓuce mata. "Haka yake. Katangar bayan gida ma rabi ya yi. A bar shi yadda ya bar shi, ɗiyata. Ni zan san yadda zan girke shi."

Wani ɗan kasuwa mai suna Ghali zai tafi Nijar bayan Sallah, shi aka ce zai kai. Ranar Sallah da safe Shehu ya tafi Idi, gidan ya yi shiru. Bango ya tashi da gumi fiye da kullum. Zulaiha ta ajiye akushin a kan tebur, ya karkace gefe guda. Ta gyara shi, ya sake karkacewa. Ta yi tsaki.

Ta ɗaga shi kusa da kunne, ta ƙwanƙwasa da farce. Ba ta tabbata ba, amma kamar sautin ya ɗan yi nauyi.

Miyar Sallah tana jira a cikin roba. Ta ture ta gefe, ta buɗe injin, ta kifa akushin a kan farantin, ta rage wutar kamar yadda ta sha ganin yana yi. Sannan ta jawo kujerar robar ta zauna, tana kallonsa ta gilashi yana juyawa a hankali cikin ɗan hasken.