Gishirin da Ke Ƙasan Ruwa

Diem ta tsoma bakin na'urar auna gishiri cikin kofin ruwa, ta tsaya jiran lambar ta daina rawa. Surukinta, tsoho Bay Tung, tuni hannunsa na kan makunnin injin ban-ruwa.

"Ke, awo kike yi ko duba kike wa ruwan?" in ji shi.

"Baba, sai lamba ta tsaya ake karanta ta."

Lambar ta tsaya kan sifili da ɗigo biyu, wato gishirin bai kai ko kwata na giram a lita ba. Ruwa mai kyau ke nan. Tun da rani ya kama, teku ke turo gishiri cikin kogi, kogi ya turo shi magudanar da ke bayan lambunsu. Itatuwan lambun kuwa, duriyan masu manyan 'ya'ya masu ƙaya, shagwaɓaɓɓu ne, gishiri ya wuce rabin giram sai ganye ya ƙone, fure ya zube. Ga su sun yi fure, ga ƙasa ta tsattsage. Da safen nan ne teku ya ɗan ja baya, kafin rana ta take zai dawo.

Tsohon ya kamfaci ruwa da tafi, ya kurɓa, ya furzar. "Garɗi! Abin da harshena ya faɗa kyauta shi ne na'urarki ta ɓata mana lokaci a kai."

Daga ƙetaren magudanar maƙwabcinsu Ut Sang ya ɗaga murya, injinsa na ta ruri. "Kawu, tayar mana! Ko sai likitar gidanku ta sa hannu?"

Diem kuwa mesar injinsu take kallo, wadda ta nutse har ba a ganin bakinta. A saman ruwa ta ɗebi na kofin, injin kuwa daga ƙasa yake zuƙa. Ta ɗaura kwalba a kan gora, ta toshe ta, ta zura mita ɗaya da rabi daidai bakin mesar, sannan ta fizge igiyar marfin. Ta ɗauraye na'urar da ruwan sama na randa, ta tsoma a na kwalbar. Lambar ta yi ta hawa, ta tsaya kan giram ɗaya da ɗigo shida.

"Baba, kada ka tayar. Ruwan gishiri ya fi nauyi, yana kwance a ƙasa. Mai daɗin a sama kawai yake."

Ya karɓi kwalbar ya kurɓa, ya juya ruwan a baki. "Ni ban ji komai ba."

"Haba Baba, harshen da ya tsufa yana dangwalar romon kifi mai gishiri, ina zai ji wannan?"

Ut Sang ya fashe da dariya. Fuskar tsohon ta ɗaure, don ba a saba surukuwa ta yi masa haka a gaban mutane ba. Amma Diem ba ta janye ba. Ta san abin da ta karanta, ta kuma san marigayiyar matarsa ce ta dasa itatuwan nan da hannunta, shi ya sa ganin su da ƙishi ke ci masa rai.

"In muka bari su mutu da ƙishi fa?" ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ba za su mutu ba. Mu ɗaura bakin mesar a jikin jarka ta yi iyo, ya sha na sama kaɗai. Zurfin santimita talatin, kada ya wuce. Ni zan tsaya ina aunawa, da ya fara hawa mu kashe." Ta juya ƙetare. "Kai kuma mai dariya, taka mesar a ina take kwance?"

Dariyar Ut Sang ta yanke, ya ruga wajen injinsa yana tuntuɓe.

Tsohon ya daɗe yana kallon furannin. Can ya ɗauke hannu daga makunnin, ya naɗe wando, ya rungumi jarka ya shiga ruwan har ƙirji, yana laluben mesar da ƙafa.

"Nawa ma kika ce?"

"Santimita talatin, Baba."

"Ni ban san wani santimita ba," in ji shi. "Sauko ki nuna mini a jikin gorar."