Fuskar da ke Kan Akawun

Hoton mijinta ya riga masu sanduna isowa. Uwar Biyu tana bakin shago da kwanon abincin rana a hannu sa'ad da wayarta ta yi ƙara. Ta buɗe zauren hirar matan unguwa a wayar, sai ga fuskar mijinta Mai Fanka an zagaye ta da jan layi. A ƙasa an rubuta: "Ga ɗan kai saƙon da ya take yarinya a ƙofar gidansu ya gudu. Duk wanda ya gani ya tura gaba." An kuwa tura. Matan da ko gaisuwa ba sa amsawa a zauren, ranar nan yatsunsu har rawa suke yi.

Mijin nata yana zaune kan benci, ƙafar hagu a miƙe, ya kwance cikin wata fanka yana hure ƙura. Rabonsa da babur tun haɗarin da ya bar masa ƙarfe a cinya. Abin da bai rabu da shi ba shi ne akawun ɗinsa na kamfanin kai saƙo. Ƙaninsa Auta ba shi da lasisi, kamfani kuma ba ya ɗaukar marar lasisi, saboda haka Auta ke yawo da babur da jaka, amma duk wanda ya yi oda fuskar yayan yake gani a wayarsa. Haka da yawa cikin masu sana'ar ke yi, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

"Baban Biyu, duba nan."

Ya daɗe yana kallon kansa. Tsohon hoto ne, lokacin yana da kumatu. Ya kira lambar Auta, aka ce a kashe take.

"Ki saurare ni," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ko me za a yi, kada ki ambaci yaron nan. Ni gurgu ne, za su gani da idonsu."

"Mai mata da goyo kake ce wa yaro?"

"A hannuna uwarmu ta bar shi. Ki yi mini alkawari."

Ba ta kai ga amsawa ba ta jiyo hayaniya daga bakin layi.

Ba masu sanduna ne a gaba ba, masu waya ne, kowa ya ɗaga tasa sama yana neman inda hoto zai fi fita. Wani dogo mai rigar ƙwallo ya tsaya a ƙofa, ya dubi wayarsa, ya dubi Mai Fanka.

"Wallahi shi ne! Har da tabon gira!"

Mai aski, maƙwabcinsu, ya fito da almakashi a hannu. "Haba jama'a, wannan bawan Allah ko tsayuwa ba ya yi sai da sanda!" Mari ɗaya ya zaunar da shi.

"Ai garin gudu ya karye," in ji wani, aka yi ihu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ya kuma fi shi rashin kunne.

Ta gurguwar ƙafar suka jawo shi. Kansa ya bugi dokin ƙofa, ya bugi siminti. Wani ya zare sandar ƙarfen wata fanka da aka kawo gyara, ya sauke masa a kafaɗa, Uwar Biyu ta ji ƙarar ƙashi har cikin haƙoranta. Ta faɗa kansa, aka fizge ta da mayafi aka jefar cikin kwata. Ta taso da laka a baki. Bulo ya sauka, takalma suka sauka. Wata yarinya mai kayan makaranta ta durƙusa don ta ɗauki fuskar da kyau.

"Ba shi ba ne!" Muryarta ta tsage. "Na rantse da Allah ba shi ba ne!"

Dogon ya juyo yana haki. "To, wane ne? Ga fuska, ga suna. In ba shi ba ne, faɗi."

Mai Fanka yana kwance a gefe guda, ido ɗaya ya rufe da jini. Da ɗayan ya nemo ta, ya girgiza kai a hankali. Ta tsani wannan taurin kai nasa a lokacin kamar yadda ba ta taɓa tsanar komai ba. Auta ɗin ma ai nata ne. Shi ke ce mata "matar Yaya uwar rowa", shi ke goya tagwayenta zuwa makaranta.

Sai ta ga taya tana gangarowa ta tsakiyar mutane, ta ji warin fetur.

Ta buɗe wayar. Akwai hoton da ta ɗauki Auta ranar da ya fara aikin, yana kan babur da jakar kamfani a baya, ya buɗe haƙora duka. Ta ɗaga.

"Ƙaninsa ne. Shi ke aiki da akawun ɗin. Ga lambar babur ɗin ma."

Kawuna suka taru a kan wayar. "Turo mana," in ji dogon.

Ta tura a zauren. Magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga waya. Kafin ta sauke hannu, aljihuna sun fara ƙara ta ko'ina. Wani ya ce ya san inda 'yan kai saƙo ke jiran oda, ƙarƙashin gada. Suka kwasa a guje, mai tayar ya ɗauki abarsa.

Ita da mai aski suka ciccibe shi zuwa ƙaramin asibitin da ke bayan layi. Aka ɗinke goshi, aka naɗe idanu biyun da bandeji, aka ce zai rayu. Ta zauna gefen gado riƙe da hannunsa. Masu jiran layi a baranda suna ta gardama kan yarinyar da aka take. Wata ta ce ta mutu, wata ta ce hannu ne kawai ya karye, tana gida. Wannan na biyun ba wanda ya tura shi gaba.

La'asar ta yi sa'ad da sabon bidiyon ya iso. Waya ɗaya ta fara, sai ta biyu, sai barandar duka, kowace da inda ta kai. A ƙarƙashin ihun akwai murya ɗaya tana maimaituwa daga kowace kusurwa: "Ku kira yayana! Yaya! Yaya!"

Yatsun Mai Fanka suka ƙame cikin nata.

"Uwar Biyu," ya ce. "Ta yaya suka san shi?"

Nas ɗin da ke gyara masa ƙarin ruwa ce ta amsa, da fara'arta.

"Ai Malam, ka gode wa matarka. Ba don ita ba da yanzu wani labarin ake yi. Duk gari yabonta ake, har hotonta an saka."

A hankali, yatsa bayan yatsa, ya zare hannunsa ya ɗora a kan ƙirjinsa. Uwar Biyu ta bar nata a buɗe kan zanen gado. A baranda, wani ya ce a mayar da bidiyon farko, bai ga wurin da kyau ba.