Abincin Kyanwar Mai Burtsatse

Da hantsi ne, amma rana ba ta fito ba. Kwana huɗu ke nan ana marka a Kankiya, yayyafi ya ɗauke ya dawo, bango ya sha ruwa har yana wari, ashana ma sai ka ƙyasta uku kafin ɗaya ta kama. Ina tsugune a ɗakin ajiya na gidan Mai Burtsatse, na zura hannu cikin buhun abincin kyanwa na ɗebo, na matsa ƙwaya ɗaya. Shekaranjiya in na matsa sai ta ce ƙaras. Yau lotsawa ta yi kamar dafaffen wake.

Danshi ya shiga buhun.

Mai Burtsatse Bature ne, dogo, ya zo da injin haƙar rijiya a shekarun nan da arzikin mai ya fara shigowa, ana ta aikin hanya da na ruwa. Sunanshi na gaskiya ya fi ƙarfin bakinmu, sai aka laƙaba mashi na aikinshi. Ni Bilya, daga Fakuwa na zo. Ni ke share mashi gida, in ba shuke-shuke ruwa, in buɗe ƙofa in mota ta zo. Shekara biyu muna tare bai taɓa ɗaga mani murya ba. Ranar da zai tafi ƙasarsu hutun wata biyu, bai ce mani komai a kan rediyo ko firji ba. Kyanwarshi ya ɗauko ya ɗora mani a hannu, ya nuna buhun, ya ce da irin tashi Hausar, "Bilya, wannan tsohuwa. Ba ta cin tuwo, ba ta cin ɓera. Wannan kawai. Rufe baki. Ba ruwa. Ka ji?"

Na ce na ji.

Kyanwar fara ce mai gashi buzu-buzu, da ita ya zo tun daga can. Abincin kuwa ƙwayoyi ne ƙanana masu ruwan ƙasa, kamar kashin awaki, suna ƙanshin busasshen kifi. A wani kanti a Kaduna yake sayowa. Ko a Katsina babu. Buhu ɗaya ne, na takarda irin na siminti, an riga an farke bakinshi, kuma saura sati bakwai mai gida ya dawo. In ya lalace, ban san abin da zan ba ta ba, ban kuma san da wane ido zan dubi mutumin ba.

Na ɗaure bakin da igiya na ɗora bisa kujera. Kafin azahar kiyashi sun yi layi a ƙafar kujerar. Na sa ƙafafun cikin gwangwanayen ruwa, sai na tuna an ce ba ruwa, na kwashe. Na rataye shi a jikin azara, na ga wajen yana ɗiga. Na sauko da shi. Haka na wuni ina yawo da buhu daga kusurwa zuwa kusurwa, kyanwar tana bisa taga tana kallona.

Da la'asar na je wajen Dawuda, ɗan Gwaggona Kubura, mai teburin shayi a bakin tasha. Taubashina ne, bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba.

"A'a, ɗan Fakuwa! Ya jikin uwar ɗakinka?" Kyanwar yake nufi.

"Tana gaishe ka."

"Ta yi kalaci? Ko sai an kawo mata cokali mai yatsu?"

Na zauna a benci na faɗa mashi abin da ke damuna. Ya yi dariya har ya ɓarar da shayin wani direba. Da ya gama ya ce, "Kai dai ka je Kusada wajen tsohuwata. Irin wakenta na bara yana nan cikin tulu, ko ƙwaro ɗaya bai huda ba. In ta iya da wake, kashin awakin Bature ne zai gagare ta?"

Washegari da sassafe na zuba wa kyanwar na yini, na kulle ta, na naɗe buhun cikin rigar ruwan mai gida na ɗaure a bayan keke. Hanya duk taɓo. Sau biyu ina sauka ina turawa, kuma duk saukar da na yi sai na taɓa buhun in ji ko ya jiƙe.

Na iske Gwaggo tana tsince yakuwa a ƙofar ɗaki. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Fakuwa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ta san sun rasu ta yi masu addu'a. Da na kwance buhun ta ɗebo ta sunsuna, ta jefa ɗaya a baki ta tauna.

"Wannan ai ƙuli-ƙuli ne da ya yi yawon duniya. Mussa ce ke cin wannan?"

"Ita ce, Gwaggo."

"To ɓerayen gidan wa ke ci?"

"Ba wanda ke ci."

Ta girgiza kai. Ta baza shi a tabarma kusa da murhu ya sha ɗumi, ta tankaɗe toka mai laushi, ta farfasa busasshen barkono, ta ɗauko sabon tulu. Ta zuba toka, ta zuba ƙwayoyin, ta watsa barkono, ta sake zuba toka, har tulun ya cika.

Na ce, "Gwaggo, kyanwa fa za ta ci."

"Waken da nake sa ma toka, aljanu ke ci? Toka ta tsare danshi, barkono ya kori ƙwaro. Tun kafin a haifi ubanka haka muke yi. In za ka ba ta sai ka kakkaɓe."

Ta toshe bakin da tsumma ta kife ƙoƙo. Na goyo tulun a keke na dawo Kankiya ina jin kamar an sauke mani dutse daga ka. Har waƙa na yi a hanya.

Da safe na ɗebo cikin hannu, na hura, na kakkaɓe, na zuba mata a kwanonta. Ƙwayoyin sun yi ƙarau, ba laifi. Ta sauko daga taga tana miƙa, ta kai hanci. Ta yi atishawa. Ta sake yi, ta sake. Ta dube ni, ta juya ta shige ƙarƙashin gado.

Sai a lokacin na tuna: wake ai wanke shi ake yi kafin a dafa. Na ɗebo wani na sa a ƙwarya na zuba ruwa. Kafin in ɗauraye sau biyu ya narke ya koma kamar kunu, kunun toka mai yaji. Na tsaya da ƙwarya a hannu. Gaba ɗaya buhun ne a cikin tulun nan, ban rage ko ƙwaya ɗaya a waje ba.

Ranar ba ta ci komai ba. Na sayo nono wajen 'yar Fulani, ta lasa sau biyu ta bari. Na sayo kifi busasshe na ɓare mata ƙaya, ta kau da kai. Na dafa ƙwai. Na roƙi mahauci 'yar hanta. In na ajiye sai in fita in laɓe bayan ƙofa, ko kunyata take ji, in leƙo in ga ƙudaje ne kawai a kai. Na ɗauki tsintsiya in yi shara, na ajiye. Na fita ba shuka ruwa, na ga ruwan sama na zuba a kanta. Na koma na kwanta rub da ciki ina leƙen ƙarƙashin gado, idanunta biyu suna ƙyalli a cikin duhu.

Rana ta biyu na zauna da tsumma ina goge ƙwayoyin ɗaya-ɗaya. Na goge kamar talatin, na ɗanɗana ɗaya, yajin na nan daram, don abin yana da maiƙo, barkonon ya kama shi. Rana ta uku da na jawo ta na shafa, sai na ji haƙarƙarinta a ƙarƙashin gashin nan. Ba ta ko yi ƙara ba.

Na je wajen Dawuda. Ya buɗe baki zai fara, ya dubi fuskata ya fasa.

"Ba ta ci ba?"

"Yau kwana uku."

"Kai ma da alama ba ka ci ba." Ya tura mani kofin shayi. "Gobe kasuwa, motar Kusada za ta zo. Bari in aika wa tsohuwa. Ita ta ɗaura, ita za ta kwance."

Gwaggo ta iso da hantsi, da rariya da faifai biyu a ka, da ƙullin dusar gero a hannu. Tun daga ƙofa take faɗa.

"Kai Bilya, ba ka da baki ne? Ba sai ka ce mani abin ba ya wankuwa ba?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Shekara biyu kana gidan mutum ba ka san abincin mussarshi ba. Ni ina na taɓa ganinshi? Kauce ka ba ni wuri."

Ta zauna a baranda ta juye tulun a tabarma. Ta tankaɗe tokar da rariya, ta tsince ɓarɓashin barkonon da hannu. Daga nan ta zuba dusa a kai ta yi ta murzawa tsakanin tafukanta, a hankali don kada su farfashe. Ta ce dusar ce za ta kwashe yajin tare da maiƙon da ya riƙe shi. Sai ta ɗauki faifai ta juya wa iska baya ta fara sheƙa. Iskar damina ba ta da alƙibla, tana dawo mata da ƙurar a fuska. Ta yi atishawa, ta zagi barkonon, ta ci gaba. Sau uku tana sa sabuwar dusa. Ni ina tsaye, in matso ta ce in matsa, in matsa ta ce ina na tafi.

Ana cikin haka Dawuda ya shigo da manyan gwangwanayen madarar gari guda uku, waɗanda ya gama da su a teburinshi, masu murfin da sai an sa cokali ake ɓamɓarewa.

"Ga akwatunan lefen uwar ɗakinka," in ji shi.

Gwaggo ta ce, "Ka wanke?"

"Na wanke, Inna."

"To ka jiƙa ke nan. Bilya, kanga su a wuta su bushe ƙarau, har murfin."

Na hura gawayi na kanga su. Ta sa na ɗauko kasko, ta ɗora bisa garwashin da ya fara mutuwa, ta riƙa zuba ƙwayoyin kaɗan-kaɗan tana juyawa, ba suya ba, ɗumi kawai. Ƙanshin kifin ya taso ya cika baranda. Ta ce in bari su huce sarai kafin in zuba, in ba haka ba za su yi gumi a ciki.

"Kuma ka ji ni da kyau. Gwangwani ɗaya za ka riƙa buɗewa. Biyun nan kada ka taɓa su sai na farko ya ƙare. Ka ɗiba ka rufe nan take, ba ka tsaya kana lissafin duniya da murfi a hannu ba. Ka ɗora su bisa katako, nesa da bango."

"To, Gwaggo."

"Toka da barkono kuma ka bar wa wake."

Dawuda ya ce, "Ai ke kika..."

"Rufe mani baki."

Na ɗanɗana ɗaya. Da ɗan yaji can ƙasa-ƙasa, kamar an tuna da shi ne kawai. Na zuba kaɗan a kwano na kai bakin ƙofar ɗaki na ajiye, na dawo na tsuguna. Yayyafi ya fara buga kwanon rufi.

An jima sai ga ta ta fito, tana tafiya kamar mai taka ƙaya. Ta sunsuna ta ja baya. Ta zauna ta dubi kwanon, ta dube mu. Na ji Dawuda ya ja numfashi zai yi magana, na taka mashi ƙafa. Ta sake kai baki, ta ɗauki ɗaya. Muka ji ƙaras. Ta ɗauki ta biyu. Ba ta cinye ba, ta ci kamar rabi, ta sha ruwa, ta hau taga ta fara lasar hannu.

Na zauna daɓas a ƙasa.

Dawuda ya ce ya bar teburi ba kowa, ya fita. Na juya wajen Gwaggo. Tana tattara faifanta, idanunta sun yi jawur, hawaye na bin kumatunta, tana son ta goge tana tsoron barkonon da ke hannunta. Na tashi na cika buta, na ɗauko sabulun mai gida, na durƙusa gabanta ina zuba mata a hankali. Ta wanke hannu, ta wanke fuska, ta sake tara hannu na ƙara mata. Ta yarfe ruwan, ta ɗora rariyarta a ka, ta ce kasuwa na watsewa ba ta sayi gishiri ba.