Ba Mai Wuce Baba Seini

Mahaifina, Alhaji Seini, ya fara hawan keken dutse ne bayan ya bar wa ƙanena shagonsa na kayan mota a Suame, cikin Kumasi. Likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki, shi kuma ba mutum ba ne da zai kama hanya a ƙasa ba gaira ba dalili. Mijina Rafiu ne ya jawo shi, ba da niyya ba. Rafiu da abokansa suna da ƙungiya a Aboabo. Kowace Lahadi bayan asuba sukan loda kekunansu a akori-kurar wani abokinsu zuwa Kuntanase, su shiga tsaunukan da ke kewaye da tafkin Bosomtwe, su dawo da yamma jikinsu duk jar laka, ni kuma in sha wanki. Rannan Baba ya zo gidanmu ya tarar da keken Rafiu a kife a tsakar gida. Ya juya tayar da yatsa, ya saurari ƙarar sarƙar, ya tambaya ina ake samun irinsa. Ba a jima ba ya sayo nasa cikin kayan kwantena.

Ai kuwa Baba ya zaɓi keke. Shokozoba gaba da baya, taya mai faɗi kamar ta babur, nauyi kuma sai mutum biyu sun kama kafin ya hau mota. Rafiu ya so ya ce masa ya yi nauyi, amma da ya buɗe baki, "Allah ya sa alheri" ne ya fito.

A nan ne matsalar take. Rafiu suruki ne na gaske, irin wanda aka reno da kunya. Ba ya cin abinci a gaban Baba, ba ya kiran sunansa, tun daga ƙofar gida yake cire takalmi, in kuwa ya hange shi a hanya sai ya sauka daga babur ya durƙusa. To ranar farko da suka isa bakin hanyar daji, siririyar hanya ce cikin gonakin koko wadda keke ɗaya kawai take ɗauka, sai Rafiu ya ja gefe ya ce wa Baba bismillah. Ta yaya zai shiga gaban surukinsa, ya nuna masa ƙeya, tayarsa tana watsa masa laka a fuska? Abokansa kuwa, surukin abokinka ai naka ne. Duk suka jera a baya. Tun daga ranar Baba yake gaba, a hawa da gangara, ba wanda ya taɓa wuce shi.

Da Baba mai girman kai ne da ya ce ƙarfinsa ne. Amma shi ɗan kasuwar ƙarfe ne, sai ya ɗora abin a kan keken. A majalisarsu ta ƙofar masallaci ya riƙa bayani cewa yaran yanzu suna sayen kekuna marasa nauyi kamar gwangwani, ga giya barkatai, amma ba ƙarfe a jikinsu, shi ya sa tsoho yake barin su a baya. Mutane suka fara zuwa neman shawararsa kafin su sayi keke. Yakan ɗaga keken mutum da hannu ɗaya, in ya ɗagu da sauƙi sai ya girgiza kai cikin tausayi.

Ni na san gaskiya, don ni nake jiƙa wa Rafiu yatsu a ruwan ɗumi duk yammacin Lahadi. Matse birki ne yake sandarar masa da su. Ba wanda birkinsa yake cinyewa da sauri a duk Kumasi kamar 'yan ƙungiyar nan. Nakan yi masa dariya har in riƙe ciki, amma ban taɓa faɗa wa Baba ba. Hawan jininsa ya sauka, yana cin tuwo har ya nemi ƙari, yana dawowa gida da labari. Ina son ganinsa haka, kuma ban ga wanda abin ya cuta ba.

Sai da Fataw ya faɗi. Fataw tela ne a Oforikrom, shi ya fi kowa iya gangara a cikinsu. Suna sauka wata gangara mai tsawo wajen tafkin, Baba ya ga saiwar itace ta gitta hanya, ya rage gudu farat ɗaya. Fataw yana biye da shi, kuma akwai fili a dama wanda zai iya bi ya wuce lafiya lau. Bai bi ba. Ya damƙe birkin gaba, keken ya ɗaga ƙafar baya, ya wuntsila ta kai ya sauka a kafaɗa. Ƙashin ya karye, aka ɗaure masa hannu a ƙirji, ga ɗinkin mutane jibge a shago.

Muka je duba shi da Baba. Baba ya zauna a bakin gado ya yi masa addu'a, sannan ya shiga yi masa bayani a hankali cewa laifin keken ne, ba shi da nauyin da zai kama ƙasa. Ya ce in ya warke zai raka shi da kansa su zaɓo mai ƙarfe. Fataw yana cije leɓe don zafi yana cewa haka ne, Baba, gaskiya ne paa. Rafiu yana tsugune a bakin ƙofa yana kallon siminti. Raina ya ɓaci da Fataw da Rafiu duka biyun.

A gida na ce wa Rafiu ya je ya faɗa wa Baba gaskiya kafin wani ya karya wuya. Ya ce in nemi wani abu dabam zai yi mini, ko ɗaukar keken Baba a ka daga Aboabo har Suame ne, amma ban da wannan. Don haka ni na je. Na samu Baba yana goge sarƙa da tsohon buroshin haƙori, na zauna na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ci gaba da goga har na gama.

"Dukansu?" ya tambaye ni.

"Dukansu, Baba."

"Tun ranar farko?"

Na ce masa e. Ya ajiye buroshin, ya wanke hannu da sabulu, ya ce in gaida yara. Washegari da na koma, keken yana rataye a ƙusa a ɗakin ajiya, an lulluɓe shi da tsohon zanen gado.

Lahadi ta zo ba Baba, ta sake zagayowa ba shi. Ya daina zama a majalisa, daga sallame salla sai gida. Yakan zauna da rediyo a cinya, ba ya ma canza tasha. 'Yan ƙungiya suka yi gayya suka je ba shi haƙuri, ya karɓe su da fara'a, ya sa aka kawo musu sobolo, wato zoɓo, mai sanyi, ya ce ba komai, Allah ya yi musu albarka. Wanda ya san Baba ya san in ya ce ba komai da wannan murya, ƙofar ta rufe ke nan. Na ji tsoro sosai. Na ga mahaifina yana tsufa a gabana, kuma bakina ne ya jawo.

Na daɗe ina tunani kafin na gane haƙurin da suke ba shi ne yake ƙara masa ciwo. Kowane "yi haƙuri, Baba" wani matse birkin ne a bayansa. Na ce wa Rafiu ba haƙuri zai je bayarwa ba, zai je ne ya gaya masa zai wuce shi. Rafiu ya dube ni kamar na ce ya mari limami. Na ce to ya zaɓa, ko ya ji kunya na yini ɗaya, ko ya zuba ido tsohon nan ya ƙare a kan kujera. Bai ci abincin rana ba ranar. Da la'asar ya sa babbar rigarsa ya ce in zo mu tafi.

Ya cire takalmi a ƙofa kamar kullum, ya durƙusa nesa da kujerar Baba, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi jiki, ya sake tambayar gida. Har na fara cire rai. Sai ya sunkuyar da kai, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Baba, gobe za mu hau tudun Abono. In ka zo, zan wuce ka."

Baba ya rage muryar rediyo. Ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"In ka iya," ya ce.

Muna fita zaure muka ji yana tambayar inda aka ajiye famfon taya.

Ban taɓa bin su ba sai ranar. Na dafa wake da shinkafa, na cika kula, direban akori-kura ya kai ni kan tudun ta titin mota tare da Fataw da hannunsa a ɗaure. Daga can ana ganin hanyar tana hawowa daga bakin tafkin, ja, tana lanƙwasa tsakanin itatuwan koko da ayaba. Muka hango su ƙanana a ƙasa, kuma kamar yadda aka saba, Baba ne a gaba da farar hularsa ta kwano, sauran a jere a bayansa. Rafiu yana manne da tayarsa ta baya, ya matso ya koma, ya matso ya koma.

"Wannan mijinki, ya ba zai iya koraa," in ji Fataw da Hausarsa ta Dagomba, wato sam ba zai iya ba.

Ina ta addu'a a zuci. A inda hanyar ta ɗan buɗe, sai na ga Rafiu ya miƙe a kan feda. Iska ta kawo mana muryarsa yana cewa gafara, Baba. Ya wuce, kansa a sunkuye, kamar mai ratsa sahun sallah. Na biyu ya bi shi, shi ma da gafararsa, haka har na ƙarshe. Kafin ka ce me, sun yi masa nisa, suka iso wurinmu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi murna, ba wanda ya taɓa abinci. Duk muka tsaya muna kallon ƙasa.

Baba ya rage shi kaɗai a tsakiyar tudun, keken nan mai nauyi yana layi a ƙarƙashinsa. Ya tsaya ya sa ƙafa a ƙasa. Daga nan komawa ƙasa ya fi sauƙi, kuma na san in ya juya ba zai sake hawa keke ba. Rafiu ya kama kekensa zai sauka wurin Baba, na riƙe masa riga. Baba ya sha ruwa, ya ɗaga kai ya dube mu, ya mayar da gorar. Sannan ya sake hawa.

Da ya iso, rigarsa ta jiƙe sharkaf, numfashinsa har yana fito. Ya jingina keken da itace ya zauna a kan dutse, na miƙa masa ruwa. Da numfashinsa ya dawo, Baba ya fara duban Rafiu.

"Ashe ka iya keke haka. Ban taɓa ganinka kana tuƙi ba."

Rafiu ya rasa inda zai sa fuskarsa. Baba ya bi sauran da kallo, yana gaya wa wannan sirdinsa ya yi ƙasa, yana gaya wa wancan yana karkata kafaɗa in ya gaji, yana dariya tsakanin tari. Sannan ya juyo wurina, ya yi ƙasa da murya.

"Fadilatu, a gaban nan ba kowa. Duk tsawon lokacin nan ni kaɗai nake tafiya, sai hanya da itatuwa. Yau ne na hau keke da mutane."

Na juya na buɗe kula don kada ya ga idona. Ya karɓi kwanonsa, ya ce wa Rafiu ya matso kusa su ci tare.