Kasko Marar Kamu

Tsoho Kuku a kicin ɗin otal ya ƙare ƙuruciyarsa, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya san halinsa: ba a koya masa girki. Tun da matarsa ta rasu, daga shi sai akun da ta bari cikin keji a gefen tagar kicin. Tsuntsun ya kwashe muryarta tas, har da tarinta da yadda take jan tsaki. Don ya ji muryar nan kawai tsohon yake tashi da safe.

Autarsa ce ta kawo masa sabon kasko, baƙi, sai santsi kamar an shafe shi da mai.

"Baba, wata irin roba aka shimfiɗa a cikinsa. Ba ya kamu, tsami ba ya cin sa, ƙwai ma zamewa yake yi. Amma don Allah kada ka bar shi a wuta ba komai a ciki. In ya ɗau zafi ya wuce kima..."

"Ke tafi can! Ni za ki koya wa kasko? Ina riƙe da kasko aka haife ki."

Ta ja bakinta ta tafi. Kaico, da ma ta ƙarasa maganar!

A ƙa'idarsa, sabon kasko sai an ƙona shi wayam har ya yi hayaƙi kafin ya ga mai. Haka ake yi wa na ƙarfe, haka ya yi wa wannan. Ana ruwan sama, taga a rufe, ya ƙure wutar gas, ya koma falo ya shantake gaban rediyo.

Wani ɗan wari ne ya dawo da shi, warin da ko tari bai sa shi ba. To amma huhun tsuntsu ba irin na mutum ba ne, hayaƙin robar da ta ƙone guba ne a gare shi. Akun yana kwance a ƙasan keji, baki buɗe, fukafukai a sake. Ya fito da shi cikin ruwan, yana hura masa iska, yana kiran sunan matarsa kamar zautacce. Ina!

Ga baƙin ciki, ga shi ba wanda zai zaga. Yarinyar nan ta faɗa, shi ya katse ta, kuma da hannunsa ya kunna wutar.

Da la'asar Auta ta leƙo, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, yau gidan shiru haka? Ina mutumin namu na cikin keji?"

Bai ɗago kai ba.

"Uwarki ce ta sake mutuwa," in ji shi. "Wannan karon ni na kashe ta."